Baba Isufu Mai Duban Ɓarna da Jirgin da Bai Zo Ba

Hantsi ne yanzu, amma zafin kaka ya riga ya sauka. Hadari ya taso ta gabas ya tsaya bisa duwatsun Buza, bai zuba ba, bai kuma wuce ba. Hatsi ya nuna, ba a gama yanka ba, ga shi masu zuwa daga Keita suna cewa garkunan shanu sun fara gangarowa daga arewa. Ba wanda ke zaune lafiya a Karofane kwanakin nan. Ni ma da nake wannan rubutu, in na sa layi ɗaya sai in tashi in leƙa hanyar gona in dawo.

A irin wannan lokaci, shekara da shekaru, ba a samun Baba Isufu gida. Da an sallame asuba zai sha ƴar furarsa a tsaye, ya ɗauki sanda da gorar ruwa, ya kifa malfarsa da ta ci rana har ta koma kalar ƙasa, ya bi burtali. Shi ne mai duban ɓarna na garinmu. In dabba ta shiga gonar mutum ta ci, shi ake kira ya gani, ya faɗi abin da za a biya. Ba shi da albashi, sai damin hatsi da mai gari ke aika masa in an yi girbi. Bana ya ce ya aje sandar, gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara hazo. Har yau ba a samu wanda zai ɗauka ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da shi tun yana iya jin ana karanta masa.

Aikinsa yana da tsari, kuma bai taɓa sake shi ba. Ba ya yanke magana a ƙofar mai gari ko a gindin itace. Sai mai dabba ya zo da ƙafarsa ya shiga gonar. Mai dabba ke gaba, mai gona na biye, shi Baba Isufu yana can baya, bakinsa a rufe. Sai an zagaye ɓarnar kaf, sannan ya ba mai dabba ruwa daga gorarsa, ya ce masa shi ya fara faɗin abin da ya gani. Kuma abin da aka ci, shi ake biya. In hatsi ne hatsi, in wake ne wake. Ba ya son a mai da gona kuɗi, don ya ce kuɗin ba su kaiwa rumbu.

Bawa na unguwar yamma yana raye, ku tambaye shi. Wata shekara ya kamo wani yaro makiyayi, ya taho da mutane da sanduna, yana rantsuwa an cinye masa rabin gona. Baba Isufu ya sa aka aje sandunan a bakin gona aka shiga. Da aka fito, makiyayin ya biya abin da shanunsa suka ci, sauran kuwa Baba Isufu ya ce wa Bawa ya nemi tsuntsaye su biya shi. Bawa ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Amma ba a zubar da jinin kowa ba ran nan, kuma uban yaron har yau in ya sauko yana sayar wa Bawa taki da arha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kawuna Aƙilu. Ban je ba, amma na ji shi daga bakin kawu, na ji daga bakin Malam Halidu na Urno, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Shekara biyu kafin babban farin nan ne, lokacin da babbar salla ta faɗo daf da yankan hatsi. Kawu ya sayar da shanun nomansa, ya jinginar da fadamarsa ta albasa, ya biya kujerar Makka. Ya bi gida gida ya nemi gafara, har da waɗanda ya yi shekaru ba ya magana da su. Aka yi addu'a, mata suka yi kuka, aka raka su bakin gari. Su kaɗan ne daga yankinmu, duk tsofaffi, ba wanda ya taɓa wuce Madawa. Mai gari ya roƙi Baba Isufu ya raka su Yamai ya ga tashinsu, ya biyo kamyon da ya kai su, wato babbar motar kaya, ya dawo. Ya ce to, ya bar gonarsa da hatsi a tsaye.

Suka isa filin jirgi, aka nuna musu wata rumfa aka ce su jira, jirgi gobe. Gobe ta yi aka ce jibi. Kamyo ya gaji ya juyo ba Baba Isufu. Guzuri ya fara ƙarewa, ruwan sama na shiga rumfar ta gefe, kowa da akwatinsa a ƙarƙashin kai. In an ji ƙara a sama sai duk a miƙe, a tattara tabarmi, a sake shimfiɗawa.

Wata safiya wani ya rugo ya ce jirginsu ya sauka. To, tun a gida wani alhaji ya ja musu kunne cewa cikin jirgi ba wurin wanka, ba wurin sake tufafi, gara mutum ya shiga a shirye. Sai tsofaffinmu suka yi maza suka yi wanka, suka ɗaura harami, suka yi niyya nan take, suka fito suna talbiya. Ashe jirgin ba nasu ba ne. Ya kwashi wasu ya tashi. Su kuwa ga su da ƙyalle biyu, kai a buɗe, ba halin sa hula, ba halin sa riga. Haka suka ci gaba da jira, har ranar da aka zo aka ce musu an rufe shiga Jidda, tafiyar bana ta wuce. Kamfanin jirgin ya ce kowa ya koma gida, bayan salla a zo da biye, wato takardar kujera, a karɓi abin da ya samu.

Mutanen wasu wurare suka yi ƙunƙuni suka watse. Namu ba su iya ba. Malam Halidu, wanda shi ma yana cikinsu da haraminsa, ya ce shi dai a abin da ya karanta, ba za su kwance haka kawai ba, sai kowa ya yanka rago ya yi aski. Ba mai kuɗin rago a cikinsu. Kawu kuwa ya ce ko an kwance shi ba zai koma Karofane ba. Ya yi bankwana da gari, an yafe masa, ya yafe, da wane ido zai sauka daga kamyo yara na ce masa Alhajin Yamai? Kuma ya san gidansa. In aka ba shi kuɗi a hannu, kafin baɗi bukatu sun cinye su, ba shanu, ba fadama, ba Makka. Ya ce a bar shi nan cikin rumfar har Allah ya yi yadda zai yi da shi. Ya daina cin abinci sosai.

Baba Isufu da kawu tare suka yi ƙuruciya, ba su raga wa juna. Baba Isufu ya dube shi ya ce wannan sanƙon da rana ta gasa ko kasuwar Tunfafi aka kai shi ba mai saye. Kawu bai yi dariya ba. Nan Baba Isufu ya gane abin ya wuce wasa.

Ya tashi ya tambayi ma'aikatan filin ina dabbar da ta yi ɓarnar take. Suka yi ta dariya, suka ce ai jirgin bai ma zo ba, balle ya ɗaure shi a turke. Ya ce to, mai kiwonsa fa? Aka kwatanta masa biron kamfanin, wato ofishinsu, a cikin gari. Ya taka da ƙafa.

Wakilin kamfanin wani ne Mushe Iliyasu, wato Malam Iliyasu da Faransanci, mutumin wajen Dogonduci, yana jin Hausa. Ba mugu ba ne, shi ma ya gaji, waya na ta kuka a gabansa. Ya ce wa Baba Isufu abin ba a hannunsa yake ba, manyan suna can bakin teku, ya faɗi abin da yake so a rubuta. Baba Isufu ya ce shi ba ya faɗin komai a ɗaki.

"Ɗana, taho ka ga ɓarna tukun. In ka gani, sai mu yi magana."

Aka fitar da shi. Washegari Mushe Iliyasu ya same shi zaune bakin ƙofa. Baba Isufu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya ce taho ka ga ɓarna. Da rana in zai fita cin abinci, haka. Da yamma, haka. Mai gadi ya kore shi, ya koma ƙetaren titi, ya dawo. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Malam Halidu ya ce in ya dawo rumfa da almuru ƙafafunsa a kumbure suke, kuma ba ya iya zama, sai ya yi ta kai da kawowa yana duban arewa, don ya san shanu sun kusa gari kuma ba kowa a bakin aikinsa.

Ran da Mushe Iliyasu ya zo, ya zo ne don ya rabu da shi. Baba Isufu ya sa shi gaba, ya koma baya. Mutumin ya ratsa rumfar. Ya ga kafaɗun da suka saluɓe. Ya ga harami da ya jiƙe ya bushe har ya yi ja. Ya ga inna Biba ta Keita tana shanya likkafaninta da ta ɗauko don ta wanke shi da zamzam, ruwan rumfa ya riga ya ɓata shi. Ya ga kawu, wanda bai ko ɗaga kai ba. Wani daga cikin namu ya taso yana cewa an sace masa rediyo, a sa a lissafi. Baba Isufu ya ce masa ya zauna, tun daga gida tare suke, bai ga rediyo ba.

Da suka kai ƙarshen rumfar ya miƙa wa Mushe Iliyasu gora. Ya karɓa ya sha. Baba Isufu ya ce masa shi ya fara faɗi. Mutumin ya ce zai yi ƙoƙari a mayar musu da kuɗinsu cif, ba sai bayan salla ba.

"A'a," in ji Baba Isufu. "Wurinmu in an ci hatsi, hatsi aka biya. Waɗanga ba kuɗi aka ci musu ba, hajji ne. Shi za ku biya."

Ba a gama ran nan ba. An yi ta buga waya, an ce e, an ce a'a, an ce a dakata. Abincin da suka ci da kuɗinsu ba a biya ba har yau. Amma an rubuta wa kowa kujerarsa ta baɗi da sunansa, an kawo raguna, an ba da mota har gida. Baba Isufu da hannunsa ya riƙe wa kawu ragon, kuma shi ya yi masa askin, yana cewa wannan aiki ba wahala, ba gashin kirki.

Da suka kusa Karofane Baba Isufu ya sa direba ya tsaya. Ya sauka ya shiga gari shi kaɗai, ya tsaya ƙofar masallaci ya gaya wa mutane abin da ya faru. Ya ce hajjin Aƙilu na nan a ɗaure sai baɗi, kuma duk wanda ya bar ɗansa ya yi masa waƙa, kada ya kira Isufu ran da shanu suka shiga gonarsa. Kawu ya shigo gari aka yi masa barka da hanya. Baɗi ya tafi, ya dawo. Inna Biba ba ta kai ba, Allah ya jiƙanta, ɗiyarta ce ta hau kujerar.

Abin da mutane ba su cika faɗi ba shi ne, da Baba Isufu ya je gonarsa washegari, ya tarar an cinye gefe guda. Ruwa ya wanke sawu. Mutane suka ce sun san garken, a je a kamo. Ya ce bai ga sawu ba, ba zai ɗora wa kowa ba. Shekarar nan gidansa da sayen hatsi suka kai damina.

Baba, kai ne mai tafiya a baya. Kai ne ka koya mana cewa mai haƙƙi ba sai ya yi ihu ba, kuma ba ya ƙara ko zangarniya ɗaya bisa abin da aka ci masa. Ka kai wasu bakin jirgi, ka kwato musu Makka, kai kuwa ko cikin jirgin ba ka taɓa leƙawa ba. Ba ka zama alhaji ba, ba a ba ka lambar girma ba, ko takardar godiya ba wanda ya rubuta maka. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwar nan, ya kai ka inda ka kai wasu.

Ku kuma ƴan'uwana samari, yanzu da yawanmu na hawa mota da jirgi zuwa Abijan da Libiya neman abinci. Za a ɓata mana lokaci, za a ce mu koma gobe. Kada mu yi zuciya mu bar haƙƙinmu, kada kuma mu ƙara ƙarya a kai. A nemi mai kiwon, a sa shi ya gani da idonsa. Sandar Baba tana jingine a zauren mai gari, shanu kuma suna hanya. Ya kamata wani ya je ya zauna wurinsa ya koya tun yana iya nunawa. Ni ma ina ta juya abin a raina.

Yanzun nan na sake tashi na leƙa. Akwai wata kafa a shingen gonata ta wajen burtali, tun shekaranjiya nake cewa zan toshe. Na hango mutum da tsohuwar malfa yana jan reshen ƙaya da hannu ɗaya, ɗayan hannun a gwiwa. Ya cusa shi cikin kafar, ya danna da ƙafa, ya gwada ko ya kama. Kafin in nemo takalmina in fito, ya sha kwana ta bayan rumbuna.