Ranar da Muka Kayar da Mma a Zaɓe

"Wanda ya yarda a daina ɗebo ruwa a famfo, ya ɗaga hannu!"

Ni na faɗa, a tsakar gidanmu na unguwar Nima, ina 'yar firamare, a shekarun alif ɗari tara da sittin. A ranar ne ticha ya koya mana cewa Girkawan zamanin da ne suka fara wannan tsari: a ƙirga hannu, masu yawa su ci.

Mu yara shida muka ɗaga. Mma, mahaifiyarmu, ta ƙirga, ta ce, "Kun ci."

Magariba ta yi, murhu sanyi ƙalau. Na ce, "Mma, tuwo fa?"

"Girkawa na kawowa."

Nan take muka sake zaɓe, kowa da bokiti a ka.

Ku fa, dimokuraɗiyya ta taɓa shiga kicin ɗin mahaifiyarku ta fito lafiya?