Tsamiyar da Baba Yake Nufi

Shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ina koyar da Hausa a wata sakandare kusa da Dawakin Tofa. Da aka sallamo shi daga asibiti hankalinsa na nan daram, amma magana ta ƙi. Kalma ɗaya yake iya fitarwa da ƙyar, ita ma sai ya yi gumi.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba, lokacin Inna ta tafi Gezawa wajen ƙanwata da ta haihu. Da safe na shiga gaishe shi, ya riƙo hannuna da hagunsa ya ce, "Tsamiya."

Na sa matata ta dama kunun tsamiya. Na kai masa, ya kawar da kai. Washegari ya sake faɗa. Na ɗauka bakinsa ne ba daɗi, na kawo tsamiyar a faranti ko zai tsotsa. Ya ture farantin har ya kife. Ban taɓa ganin Baba ya zubar da abin ci ba. Na fita zaure na zauna, raina a jagule. Kullum ina gaban allo ina bayanin suna da aikatau, ga shi kalma ɗaya daga bakin mahaifina ta gagare ni.

Ranar Juma'a da hantsi Inna ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba na ba ta labari.

"Yaushe ya fara faɗa?" ta tambaye ni.

"Ranar da aka yi ruwa."

"In ya faɗa, ina yake kallo?"

Ban lura ba. Ta shiga ta zauna a gefen tabarmarsa ta ce, "Malam, gonar tsamiya ko? Ba su shuka ba?"

Baba ya lumshe ido, ya gyaɗa kai har sau uku.

Na ce, "Inna, wace gonarmu ce take da tsamiya?"

"Wadda kuke ce wa ta bakin titi. Da akwai tsamiya a tsakiyarta, tsawa ta faɗa mata tun kafin a haife ka. Mu dai har yau sunanta ke nan. Kuma ita ake fara shukawa, jigawa ce, ba ta riƙe laima."

Bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki sungumi da irin gero, ni da ƙannena biyu. Muka sa Baba a a-daidaita-sahu, muka ajiye masa kujera a bakin gonar. Da sauran laima, Allah ya taimake mu. Na fara sara, ya ɗaga hagunsa yana nuna mini na matso da ramukan.

Shi daidai ya faɗa. Ni ne na san kalmar, ban san abin da take nufi a bakinsa ba, Inna kuwa shekara arba'in suna kiran abubuwa tare. A hankali ta koya mini sauran. In ya ce "mutumin", ƙaninsa yake nema. In ya ce "waccan", rediyo ce, sai dai in da azahar ne, to buta.

Shekara biyu ya ƙara a duniya, kuma alhamdu lillahi, albarkacin Inna mun yi hira sosai a cikinsu. Wata rana da yamma ina yanke masa farce, ya daɗe yana kallon furfurar da ta fara fito mini a gemu. Can ya ce, "Tsoho." Muka yi ta dariya har Inna ta leƙo daga madafa tana tambayar lafiya.