Malamin Lissafin da Ya Ajiye Sigari Saboda Ɗalibansa

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, shugabar makaranta ta shigo ɗakin malamai ta shaida mana cewa ka rasu a asibiti bayan jinyar ƙirji. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Malam, shekara da shekaru teburinmu ɗaya, ina duba insha'i kana duba lissafi. Ina zaune ranar da ka dawo daga bayan ɗakin gwaji. Ka tarar da 'yan aji huɗu suna zagayawa da karan sigari, jagoransu, wanda ake kira Dogo, ya riƙe shi yadda kake riƙewa, har da salon karkaɗe tokarka. Ba ka kai su ofis ba. Ka ce mini, "Malama, ni suke kwaikwayo. Da wane baki zan yi musu faɗa?"

Ranar ka daina. Ka sha wuya, ka yi makonni kana faɗa da kowa kana taunar cingam, har muka sa maka suna Mai Cingam. Ba ka ɓoye wa yaran wahalar ba, shi ya sa suka yarda da kai.

Ka fahimci cewa yawancinsu ba hayaƙin suke so ba, tsoron dariyar abokai ne. Sai ka riƙa tara su ranar Alhamis bayan an tashi, kana fitowa a matsayin abokin banza, kwalbar lemo a hannu a madadin giya: "Haba, kurɓi ɗaya kawai, ko kai ɗan mama ne?" Suna dariya suna koyon cewa a'a. Da aka kama wata ɗaliba ta sha giya a bikin ƙawarta, uwarta ta rantse za ta cire ta daga makaranta. Ka yi ta sintiri gidansu har ta haƙura. Bana yarinyar ta shiga jami'a.

Wajen zaman makoki, Dogo, wanda yanzu ma'aikacin jinya ne, ya roƙi shugabar makaranta ta bar masa zaman Alhamis. Ta amince nan take.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Uwargidanka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari.