Shekara Biyun Dakta

Da muka sauka Doha, maigidana ya gaya wa kowa shekara biyu zai yi. Bincike ne kan ciwon sukari, da ya kammala sai gida. Haka ya gaya wa Yaya, babban wansu da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ni ma haka ya gaya min. Ɗanmu na fari yana rarrafe a lokacin. Shekarar da nake magana a kai, yaron ya fara aron takalman ubansa.

A ɗan gidan da muka fara zama a unguwar Bin Omran, Dakta ya hana a buga ƙusa a bango, wai kada mu saba. Da muka koma Ain Khaled ya yarda da guda ɗaya, ta agogo. Duk Sallah kuma idan ya kira Yaya, da magana ɗaya ake sallama: "Baɗi war haka muna tare, in Allah ya yarda." Yaya ya ce amin.

Wata rana shugaban sashensu ya ba shi shawara ya nemi iznin zama na dindindin, ta ƙofar da aka buɗe wa masu ƙwarewar da ƙasar ke bukata. In ya samu, zamanmu ya daina rataya a wuyan kafil, wato wurin aikin da ya ɗauko shi. Dakta ya jera takardunsa a tebur kamar yadda yake jera kwalaben jini a ɗakin gwaji. Komai ya cika sai shaidar haihuwa. A gida aka haife shi, tsohuwar takardar da ya yi fasfo da ita kuma ta ɓace. Dole wani babba a dangi ya je kotu ya rantse a kan shekarunsa, babban da ya rage kuwa Yaya ne. Shi ko Yaya bai taɓa sa hannu a takardar da bai san inda za ta ba.

Dakta mutum ne da zai miƙe a taron likitoci ya gaya wa farfesa cewa hujjarsa ba ta isa ba. Mako uku ya yi yana kewaya wayarsa.

"Ka kira shi?" na tambaya.

"Yau yana gona."

"Jiya fa?"

"Jiya ina jin ba shi da caji."

"Kana ji? Kai da ba ka karɓar magana sai da gwaji?"

"Hajiya, Yaya ba a gwada shi."

Daga baya ya rubuta abin da zai faɗa, shafi guda cif, ya ba ni in duba. Na ce masa ainihin labarin yana layin ƙarshe. Ya ce da manya haka ake magana.

Ranar Juma'a bayan mun ci abinci ya kira, ya buɗe muryar wayar don in zama shaida. A can gida ba a ma tafi masallaci ba. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi ciwon gwiwar Yaya har sau biyu.

"Yaya, dama wata 'yar takarda ce ake nema a nan."

"Ta me?"

"Ta haihuwa."

"Duk shekarun nan suna aiki da kai, ba su tabbata an haife ka ba?"

Dakta ya dubi shafinsa, bai sami amsar wannan a ciki ba. Ya kife shi.

"Ta zaman dindindin ce, Yaya."

 Ta cikin wayar muna jin wata mata tana kiran kaji a tsakar gidan Yaya.

"Ba ka dawowa ke nan," in ji Yaya.

"Zan riƙa zuwa."

"Ban tambaye ka zuwa ba."

Dakta ya ce, "Ba nan kusa ba, Yaya."

Na ɗauka faɗa zai biyo baya. Sai muka ji ajiyar zuciya.

"To alhamdu lillahi, bari ni ma in sauke nawa. Sashen nan naka da nake cewa yana kulle yana jiranka, yaron nan nawa ne a ciki da matarsa, shekara uku ke nan. Duk hutun da za ku zo sai su kwashe. Yarinyar mutane ta gaji da ɗaukar gado."

"Shi ya sa nake tarar da sabon labule?"

"Ka ɗauka don kai nake saye?"

Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau, amma ya ɗan jima bai mayar ba.

"Litinin zan je kotun," Yaya ya ci gaba. "Sashen kuma na bar musu. Akwai ɗakin bakin zaure, na baƙi. Shi ne naku."

"To, Yaya."

Takardar ta iso cikin mako biyu, katin kuma ya fito bayan watanni. A hutun da ya biyo baya, a ɗakin bakin zauren muka sauka. Matar ɗan Yaya ta kawo mana ruwa, ta durƙusa ta gaishe mu, sannan cikin ladabi ta tambaye mu kwana nawa za mu yi.