Sababbin Ajujuwa, Malami Ɗaya

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye bayan Mawashi, a ƙasar Kusada, malami ɗaya na iske a makarantar, wato hedimasta, dattijo mai furfura da ya kusa ritaya. Iyalina na Kankia. Mai unguwa ya ba ni shago a ƙofar gidansa. Ranar Juma'a in hau mashin in tafi gida, Lahadi da la'asar in dawo.

Ban daɗe ba sai ga 'yan kwangila da bulo da kwano. Kafin damina ta sauka sun tsayar da sababbin ajujuwa, an shafe su da rawayan fenti, har da bencuna. Murna ta kama ni. Na ce wa hedimasta, "Baba, tunda an yi gini, ai malamai na tafe."

Ya yi dariya, ya gyara zaman hularsa. "Malam, ba aljihu ɗaya ba ne. Kuɗin gini daga tarayya yake fitowa, jiha ta ɗora nata kason. Albashinmu kuwa daga rabon ƙaramar hukuma ake cire shi. Wanda ya gina aji ba shi ke ɗaukar malami ba."

"To mi za mu yi da ɗakunan?"

"Mu dinga share su," in ji shi.

Muka raba yaran, shi ƙanana, ni manya. In an fita tara mukan zauna gindin dalbejiya muna ɓarar gyaɗa, yana ba ni labarin garuruwan da ya yi aiki. Shi kaɗai ne abokin hirata. Mutanen gari masu kirki ne, amma gona ta ɗauke su, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Sai lokacin ritayarsa ya yi, ya koma garinsu Rimaye. Na raka shi bakin hanya. Da mota ta tsaya ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Allah ya kawo maka mataimaki."

Daga nan makaranta ta zama tawa ni kaɗai. In rubuta aiki a allon wannan aji, in ruga wancan, kafin in buɗe baki hayaniya ta tashi a baya. In an tashi, wurin ya yi tsit. Wani lokaci wani abin dariya kan faru a aji, in fito da niyyar faɗa wa wani, sai in tuna ba kowa.

Na je ofishin ilimi na kai kuka. Jami'in da na samu ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Wallahi Malam mun san halin da kake ciki. Abin da ke shigowa albashin waɗanda ke bakin aiki ke cinye shi. Sai an ba da izinin ɗaukar sababbi." Ban ga laifinsa ba. Na yi godiya na kamo hanya.

Cikin wannan hali limamin garin, wanda ke karantar da yara a zaurensa, ya zo ya roƙi aron ɗakunan don Islamiyya da yamma. Na amince nan take. Na riƙa zama a baranda ina duba aikin yara, karatunsu na tashi a bayana. Liman ba mai yawan magana ba ne, amma in ya gama yakan zauna kusa da ni kaɗan kafin magariba. Wannan ɗan zaman ya rage mini kewa ƙwarai.

Bayan 'yan shekaru aka maido ni Kankia, makaranta mai malamai da yawa. Sai na iske bakina ya yi nauyi. Ana hira a ofis, ni ina gefe, sai da na yi zangon karatu guda kafin na saba.

Wanda aka tura madadina matashi ne daga Kunduru, shi ma shi kaɗai. Nakan kira shi a waya lokaci-lokaci. Yakan daɗe yana magana, ni kuwa ba na katse shi.