Ƙafa Ba Takalmi

Shekarar da aka yi wa Kaka aikin ido, a shekarar ne duk Dutse ta haukace a kan wani shirin talabijin na 'yan sanda. Ranar Asabar ake nuna shi bayan la'asar. Wani ɗan sandan ciki ne mai ƙaton tumbi, kullum da asuwaki a baki. A kawo masa maganar kisa ko sata, ya yi ta tambayoyi kamar bai san abin da yake yi ba, sai mako na gaba ya damƙe mai laifi. Tsakanin Asabar da Asabar kuwa kowa alƙali ne. A cikin adaidaita sahu gardamar ake yi, a makarantarmu ma haka, har a sakatariya inda Baba yake aiki.

Gidanmu akwai ɗan janareta, saboda haka falonmu ne majalisa. Umma ta dafa gurjiya ta haɗa zoɓo, matan maƙwabta su shigo da 'ya'yansu, Yaya ya kame kusa da akwatin yana hana yara taɓawa. Ni kuwa lokacin ina sakandare, bakina ba ya shiru, kafin ɗan sandan ya gama tambayar farko na yanke hukunci. Wallahi ina kewar wannan hayaniyar. Yanzu a falo ɗaya ake zama, amma kowa da wayarsa a hannu, kowa da abin da yake kallo.

Kaka, Allah ya jiƙanta, ita ce mahaifiyar Baba. Daga wani ƙauye kusa da Miga aka kawo ta. Bafulatana ce doguwa siririya, maganarta kaɗan. Da aka cire mata yanar ido sai likita ya ce ta zauna a gari har ta warke. Da farko ba ta son akwatin, wai mutanen ciki ba su da aikin yi. Idon na buɗewa kuwa, sai ga ta tana jawo tabarmarta gaban kowa.

Na ce, "Tsohuwa, an yi miki sabon ido za ki ƙarar da shi a kallon ƙarya?"

Ta ce, "Ke da kika daɗe da naki, me kika gani da shi?"

Baba shi ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Mai gidan nan" take cewa, ko "ubanku". In yana wurin kuwa sai ta bi da maganar ta kan ɗayanmu. In ya durƙusa gaishe ta, ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Ana yaye shi aka kai shi wurin yayarta, can ya tashi. Duk mun san al'ada ce, kunyar ɗan fari, har abin dariya muka mai da ita. Baba dai ba ya wannan dariyar. In ƙaninsa, autanta, ya zo, sai ta kira sunansa da ƙarfi, ta dafa masa kafaɗa ta ce ya rame, ta tambaye shi, "Ka ci abinci?" Na sha ganin Baba ya tashi ya fita a irin wannan lokacin, wai zai duba mota.

Akwai kuma abin da ya fi ci masa rai. Shekarun baya ya yi haɗari a hanyar Kiyawa, ya kwanta asibiti da karaya a cinya da rauni a ka. Kaka ta zo, amma ba ta shiga ɗakin da yake ba. A baranda ta zauna, da aka ce ya farfaɗo ta koma ƙauye. Wata rana na ji yana gaya wa Umma a tsakar gida, bai san ina kicin ba: "Kunya daban, rashin so daban. Ni har yau ban san wanne ne rabona ba." Mutum mai furfura a gemu fa! Maganar ta tsaya mini a rai, har na riƙa jin haushin tsohuwar.

To, wata Asabar aka nuna labarin wata mata da aka tsinci gawar ɗanta a bayan gari. Ta zo ofishin 'yan sanda, ta zauna a benci, idonta ƙamas. Mai tumbin ya tambaye ta sunan mamacin, ta yi shiru, sai ƙanwarta ce ta faɗa. Ya ce, "Ɗanki ne?" Ta ce, "Yaron gidanmu ne." A kan fuskarta shirin ya ƙare.

Falo ya kaure. Wata maƙwabciyarmu ta rantse kawun yaron ne, saboda gonar gado. Yaya ya ce abokin nan ne da ya fi kowa kuka, kukan ya yi yawa. Ni na ce uwar ce, wallahi tallahi ita ce, ku dubi idonta mana! Baba bai cika sa baki a gardamarmu ba, amma ranar ya ajiye kofin zoɓo ya ce, "Yau kam ina bayan 'yata. Uwar da aka kashe mata ɗa, ko ɗigon hawaye babu? Ko sunansa ta kasa faɗa? Wannan ba ta taɓa son sa ba." Yadda muryarsa ta fita, ka san ba da akwatin yake ba. Umma ta ɗago ta kalle shi, ta sunkuyar da kai.

Sai Kaka ta yi gyaran murya. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ke mai baki. Kin ga ƙafarta?"

Na ce, "Ƙafa kuma? Ina ruwana da ƙafarta?"

"Ba takalmi ta zo. Ku duk ido kuke kallo. Na farinta ne, ko ba a faɗa ba na sani. Wadda aka zo aka ce mata na farin ya faɗi, ba ta tsayawa neman takalmi. Fita take yi. Ba ta jin ƙaya, ba ta jin zafin ƙasa. Sai ta iso bakin ƙofa ta ga mutane, sannan kunya ta cim mata. To sai ta zauna a nan. Cikinta yana ci da wuta, amma ta zauna. In ta shiga ta gan shi a kwance ihu za ta yi, ta kama sunan a gaban jama'a, ta ba shi kunya ta ba kanta."

Na ce, "Haba Kaka, wace ƙofa kuma? Wa ke kwance? Ofishin 'yan sanda fa matar ta je."

Ta ce, "Oho. Ni dai na gaya miki." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, wai hasken akwatin yana damun idonta.

Umma ce ta yi magana, a hankali, tana tattara kofuna. "Ranar haɗarin Alhaji ma silifas ɗina na ba Inna a asibiti. Tafin ƙafarta duk ya faffashe. Na ɗauka a mota takalmin ya faɗi, ban kawo komai a raina ba."

Kaka ta ce, "Ke ma kin cika surutu." Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Baba ya zuba wa akwatin ido, ana tallan sabulu, har aka kira magariba. Ranar shi ne na ƙarshen fita masallaci a gidan.

Kafin wata Asabar likita ya sallami Kaka, ta tayar da ballin sai an mai da ita gida, wai awakinta sun manta ta. Da can Yaya ake haɗa ta da shi a motar haya. Wannan karon Baba da kansa ya tuƙa ta. Yaya ya raka su, ya dawo ya ce mana daga Dutse har Miga ba wanda ya ce wa wani komai.

Asabar ta zo, falo ya cika ya batse. Ashe uwar ce. Rigima suka yi da ɗan a kan sayar da gida. Mai tumbin ya sa aka shiga rijiya aka ciro takalmanta, jini ne ya ɓata su shi ya sa ta jefar. Aka ɗauki ihu, ana cewa na ci gardama, maƙwabciyar nan har da tafa mini. Ni kuwa ji na yi kamar in fasa akwatin. Na ce wanda ya rubuta shirin nan bai san mutane ba, bai da tarbiyya, Allah ya sa a ɗauke musu wuta. Yaya ya ce, "Ikon Allah, ke da kika ci kuma kike faɗa?"

Ba a watse ba wayar Umma ta yi ƙara. Ƙanin Baba ne, ya ce Inna ta hana shi sakat, wai a ba ta mai bakin nan. Na karɓa na buɗe muryar, kowa yana ji.

"Ke, me suka yi da matar?"

Na kalli Umma, Umma ta kalli ƙasa. Sai Baba ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"Inna, ni ne."

Muna jin kukan awaki daga can.

"Masu shirin nan ba su san komai ba, Inna. Rabu da su. Ni na ga ƙafar."

Sannan muryarta ta fito, ƙasa ƙasa, ba ta bi ta kaina ba, ba ta bi ta kan kowa ba.

"To. Ka ci abinci?"

Baba ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Daga cikin hular ya amsa.

"Na ci, Inna."