Arlen Koskela da Kwamfutar Ɗakin Baya

Arlen Koskela bai taɓa shiga ajin koyon kwamfuta ba. Direba aka ɗauke shi a gidan jaridar garinsu, wani ƙaramin gari a bakin tafki a arewacin Michigan, yana kai ƙullin jaridu shaguna da gidajen mai. Wata rana na'urar fitar da takarda ta ofis ta cije, kowa ya tsaya yana kallonta, shi kuwa ya ajiye makullin mota ya buɗe cikinta ya zaro takardar da ta maƙale. Daga ranar, duk abin da ke da waya a bayansa ya zama nasa. Sannu a hankali aka ba wani motar, shi aka ba shi tebur kusa da ɗakin baya, ma'aikata suka laƙaba masa suna Likita.

A nan ya yi furfura. Ya auri Lorna, wadda ke dafa abinci a makarantar firamare, suka haifi 'ya ɗaya, Kendra, ta girma ta tafi birni aikin jinya. Da ciwo ya ɗauke Lorna, washegarin jana'iza Arlen ya zo aiki da safe kamar kullum. Aka ce ya koma gida ya huta, ya ce babu abin da zai yi a can. Mutane suka yi ta yaba ƙarfin halinsa. Shi dai ya san ba ƙarfin hali ba ne. Yana cin abinci ba ya jin gishirinsa, yana kallon wasan ƙwallo ba ya damuwa da wanda ya ci, yana jiran kuka ya zo bai zo ba, har ya daina jira.

Yana cikin wannan hali aka sayar da jaridar ga wani babban kamfani mai jaridu da yawa. Aka tara su aka sanar cewa daga yanzu a wata jiha za a riƙa bugawa, ginin kuma za a rufe shi. Verna Tollefson, wadda ta fi kowa daɗewa tana tsara shafuka, ta fashe da kuka, sannan ta koma zagi. Arlen yana gefe yana duban wani tabo a bango.

Saura aiki ɗaya, kuma nasa ne. A ɗakin baya akwai wata tsohuwar kwamfuta da launinta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, fankarta tana ƙara kamar mai minshari. A cikinta duk tsofaffin shafukan jaridar suke, haihuwa da aure da rasuwa da gobarar gari, kuma manhajar da ke buɗe su ba ta aiki sai a kan tsohon tsarin da ke cikin wannan akwatin. Kamfanin yana son shafukan, ba ya son akwatin.

Wani ma'aikacinsu mai suna Desmond ya kira shi a waya, mutum mai ladabi, ya san aikinsa.

"Ranka ya daɗe, ba fayil-fayil za mu kwasa ba," in ji Desmond. "Faifan ajiyarta za ka kwafe gaba ɗaya, yadda yake. Sai mu tashe shi a cikin babbar kwamfutarmu, a wata 'yar taga a kan allo. Za ta ɗauka tana cikin akwatinta ne, alhali babu akwatin."

"Kwamfuta a cikin kwamfuta," in ji Arlen.

"Yauwa. Ka taɓa yi?"

"Na taɓa karantawa."

"To, ina nan. Kuma ka yi haƙuri da abin da ya same ku."

"Ba kai ka yi ba," in ji Arlen.

Ya kwance akwatin, ya hure ƙurar da ta dunƙule a ciki kamar auduga, ya ciro faifan ya jona shi da sabuwar kwamfutar da aka aiko masa. Kwafewar ta cinye safiya guda. Verna ta shigo da kofi biyu da burodin nama da dankali, ta ja kujera, don ita ma ba ta da sauran aiki.

"Likita, me kake yi wa tsohuwata?"

"Za ta koma wurin kamfani."

"Kai! Ita an ɗauke ta aiki, mu an sallame mu? Wadda sai na mare ta a gefe take farkawa?"

"Haka suka ce."

"Ka gaya musu ta fi ni ƙiwa. Ci abincin nan, tsoho, ka koma kamar tsinken tsire."

Ya ci rabi, saboda ta ce ya ci.

Da aka gama kwafewa ya danna maɓallin tayar da kwafin. Tagar ta buɗe, rubutu ya fara hawa, sai allon ya koma shuɗi, komai ya tsaya. Ya sake, haka. Ya sake, haka.

"Ta ƙi," in ji Verna, har da tafa hannu. "Allah ya yi miki albarka, 'yar gari. Ke kaɗai kika yi yajin aiki a gidan nan."

Arlen ya kira Desmond ya karanta masa abin da allon ya rubuta. Desmond ya ce tsarin yana neman kayan cikin tsohon akwatinsa ne, da bai gan su ba sai ya tsorata ya tsaya. Dole a mayar da faifan gidansa, a tashe shi a can, a koya masa aiki da kayan da ba nasa ba, sannan a sake kwafewa. Arlen ya ce to. Bai ji haushi ba. Ya ɗaura abin da ya kwance, ya kunna, fankar ta ci gaba da minsharinta, ya bi abin da Desmond ke faɗa mataki bayan mataki. A waje dusar ƙanƙara ta fara rufe motocin da suka rage a filin ajiya.

Washegari da hantsi, bayan ya sake ciro faifan ya kwafe, ya sake dannawa. Wannan karon allon bai yi shuɗi ba. Tsohon sautin nan na tashi ya fito ta bakin sabuwar kwamfuta, sai ga hoton karen Verna da ya daɗe da mutuwa yana zaune a kan kwale-kwale, ga fayilolinta a warwatse yadda ta bar su. Can gefe tsohon akwatin yana a kashe, a buɗe, babu komai a cikinsa.

Verna ta daina dariya. Ta karɓi linzamin kwamfutar ta buɗe wani shafi, ta buɗe wani, tana wucewa da sauri, har ta faɗo kan shafin sanarwar rasuwa na kakar da ta wuce. Hoton Lorna ne a sama, da rigar da ta sa ranar bikin Kendra. Verna da kanta ta tsara shi. Ta yi sauri za ta rufe.

"Bar shi," in ji Arlen.

Ya matso ya karanta tun daga suna har ƙasa, kamar yadda zai duba kowane shafi. Ya tsaya ya saurari ƙirjinsa ko wani abu zai motsa. Shiru.

"Rubutun ya fito daidai," ya ce. "Hoton ma bai karkace ba. Zan gaya wa Desmond ta yi."

Verna ta dafa kafaɗarsa ta fita ta bar kofinta.

Kafin yamma kwafin ya isa hannun kamfani. Desmond ya tashe shi a can, ya ce yana ganin kare a kan kwale-kwale, ya yi godiya. Arlen ya ɗauki akwatin ya sa a bayan motarsa, ya kai wurin da gunduma ke karɓar tsofaffin kayan lantarki. Mai karɓa ya tambaye shi ko akwai abin da yake so ya cire. Ya ce babu. Aka jefa shi kan 'yan'uwansa.

Yanzu Arlen yana aiki a shagon kayan gini, a sashen fenti. Mutum ya kawo launin da yake so, Arlen ya danna lamba, inji ya gauraya, shi kuma ya buga murfi da guduma ya miƙa. Masu shagon suna son shi, ba ya makara, ba ya gardama. Kendra tana kira duk Lahadi.

"Baba, ka sayar da gidan nan ka dawo wurinmu. Akwai ɗaki, yara suna ta tambayarka."

"Bari sanyi ya wuce tukuna."

"Haka ka ce bara."

"Na sani," in ji shi. Sai ya tambaye ta lafiyar yaran, ta faɗa masa, yana cewa madalla a duk inda ya kamata a ce.